Kolin a Ƙwayoyin Sankarar Nono da Aka Rena a Ɗakin Gwaji: Shin Ma'aunin Zai Amfani Matan Kurfai?

Tsakure

Maƙalar ta sake duba abin da awon maganaɗisu, tushen na'urar MRI, ko IRM kamar yadda ake kiranta a Nijar, ya gano a ƙwayoyin sankarar nono da aka rena a kwano. Matsayinta shi ne alamar kolin ta tabbata, amma ba a gwada ta yadda ya kamata a kan ƙwayoyin matan Afirka ta Yamma ba.

Gabatarwa

A 1971 Raymond Damadian ya wallafa a mujallar Science cewa ruwan da ke cikin ƙari yana jinkirin komawa daidai bayan an girgiza shi da maganaɗisu, fiye da na lafiyayyen nama. Ba a jima ba aka ga cewa kumburi ma yana kawo wannan jinkiri. Tun daga nan wasu likitoci ke ganin duk abin da aka auna a kwano ba ya isa gadon majinyaci. Da su nake jayayya.

Hanya

An bi diddigin ayyukan da aka buga kan ƙwayoyin nono, an kwatanta su da awon da aka yi wa majinyata.

Sakamako

A 1999 Eric Aboagye da Zaver Bhujwalla na Jami'ar Johns Hopkins suka jera ƙwayoyin nono daga lafiyayyu har zuwa masu saurin yaɗuwa, suka auna sinadaran da ke cikinsu. A lafiyayyun, giliserofosfokolin ne ya fi yawa. Da zarar ƙwaya ta fara rikiɗa sai ma'aunin ya juye, fosfokolin ya yi rinjaye, kuma yana ƙaruwa gwargwadon munin ƙwayar. Kolin kayan ginin fatar ƙwaya ne, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sinadarin da ke mai da shi fosfokolin yana aiki fiye da kima a ƙwayar sankara. A zanen da na'ura ke fitarwa, alamar kolin tana tsayawa a matsayin 3.2, kuma a nan ɗin aka same ta cikin ƙarin nonon mata ba tare da an sa wuƙa ba. Ashe awon kwano ya isa gadon majinyaci.

Sai dai ƙwayoyin na wa ne? Daga cikin ƙwayoyin da ake renawa a kwano, MCF-7 an samo ta a Detroit a 1970, MDA-MB-231 a Houston a 1973, duka daga farar fata ƴan Amurka. Binciken Dezheng Huo da Olufunmilayo Olopade na 2009 kuwa ya nuna fiye da rabin ƙarin da suka duba daga Najeriya da Senegal irin wanda maganin hana sinadarin mata ba ya kamawa ne. Matar da ta taso daga Filinge a ƙasar Kurfai ta yi tafiyar kusan kilomita 180 zuwa Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta fara gashin haske a 2021, ta cancanci ma'aunin da aka gwada a kan irin ciwonta. Rena ƙwayoyi daga ƙarin da ake cirewa a Yamai, da yardar masu shi, ya fi sayen sabuwar na'ura sauƙi.

Iyakoki

Dole a yarda cewa ƙwayar kwano ba ta da jijiyar jini, kuma na'urar asibiti mai ƙarfin tesla 1.5 tana haɗe nau'o'in kolin su zama alama guda. Nonon mai shayarwa ma yana nuna kolin ko babu sankara, a Kurfai kuwa mace kan shayar da yaro kusan shekara biyu. Wannan sai an auna shi dabam.