Makiyayar Paikon Kore da Muhawarar Sauyin Yanayi

Paikon Kore gari ne a ƙaramar hukumar Gwagwalada, cikin Babban Birnin Tarayya, Abuja. An san shi da makiyayar da gwamnati ta keɓe wa masu kiwo, ɗaya daga cikin guda huɗu a Babban Birnin Tarayya, tare da na Karshi da Kawu da Rubochi. Sunan garin kan fito idan ana zancen abin da ke koro makiyaya daga arewa mai nisa.

Wasu na ɗora laifin a kan sauyin yanayi, suna kafa hujja da farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, da ƙanƙancewar Tafkin Chadi tun shekarun 1960, da gurgusowar hamada. Wasu kuwa sun ce fari da ambaliya hukuncin Allah ne da aka saba gani tun kaka da kakanni, kuma matsalar ita ce cinye burtali da gonaki da gine-gine suka yi, da sare itatuwa don gawayi, da rashin tsaro. Wannan ƙorafi na biyu yana da ƙarfi ƙwarai a Abuja, inda birni ke haɗiye daji.

Ta fuskar kimiyya dai magana ta ƙare: a 2021 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar da cewa ayyukan ɗan Adam, musamman ƙona gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas, ne suka ɗumama duniya. A shekarar ce Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi, ya kuma yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa zuwa 2060.