Kakaki (abin busa)

Kakaki dogon abin busa ne na ƙarfe wanda ake busa wa sarakuna a ƙasar Hausa da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita. Tsawonsa yakan kama daga mita 2 zuwa mita 4. Ba shi da ramukan yatsa irin na algaita ko sarewa, kuma yawanci sauti biyu kacal yake fitarwa. Da waɗannan sautuka biyu ne mabusa suke kwaikwayon maganar Hausa, su sanar da fitowar sarki, su yi masa kirari. Ana busa shi a fadojin Kano, Katsina, Zazzau da Daura, da masarautun Jihar Jigawa, da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Yarbawa da Nufawa ma suna da shi a fadojinsu, a Chadi da arewacin Kamaru kuma ana kiransa gashi.

Siffa da ƙira

Maƙeran fari ne suke ƙera kakaki, da tagulla ko da farin gwangwani. A ƙarni na 20 an yi amfani da garwar kananzir sosai, saboda ƙarfenta ba shi da nauyi kuma yana naɗuwa cikin sauƙi. Ana yin sa gaɓa biyu ko uku waɗanda ake harhaɗawa lokacin busa, a kwance su idan an gama. Wajen bakin siriri ne, ƙarshensa kuma a buɗe yake kamar mazurari.

Leɓɓan mabushi ne suke samar da sautin. Yana matse su a bakin kakakin ya hura iska, su girgiza, iskar da ke cikin bututun ta ɗauki girgizar. Idan ya sassauta leɓe sai ƙaramin sauti ya fito, idan ya ƙara matsewa sai na sama ya fito. Tazarar da ke tsakanin su biyun tabbatacciya ce: duk lokacin da na ƙasa ya girgiza sau 2, na sama ya girgiza sau 3. Saboda tsawonsa, mabushi yakan ɗaga shi sama da hannu ɗaya ya tallafi bakin da ɗayan, kuma yin haka a kan doki, cikin ƙurar hawa, aiki ne da ke buƙatar ƙarfin dantse da na huhu.

Tarihi

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci ya buga a 1908, ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya fara, tare da figini da takalmin gashin jimina da dawakin zage. Littafin ya kuma ambaci busa dogayen ƙahoni tun zamanin Sarki Tsamiya a ƙarni na 14. An rubuta shi ne a ƙarshen ƙarni na 19, wato kimanin shekara 400 bayan Rumfa, don haka masana tarihi suna karanta irin wannan jeri da taka-tsantsan. Abin da yake nunawa a fili shi ne Kanawa sun daɗe suna ɗaukar kakaki a matsayin kayan sarauta, a jeri ɗaya da figini.

Kakaki yana cikin wani babban dangi na dogayen ƙahonin ƙarfe da suka bazu a ƙasashen Musulmi. Larabawa suna kiran nasu nafir, kuma har yau a tsofaffin biranen Maroko akan busa shi da azumi don tada mutane sahur. Daga wannan kalma ce Sifaniyanci ya sami añafil. A Uzbekistan akwai karnay, a Habasha akwai malakat. Galibin masu bincike suna ganin ta hanyoyin fatauci na Sahara ya iso ƙasar Hausa. K. A. Gourlay ya yi nazari na musamman a kan dogayen ƙahonin arewacin Najeriya a 1982, bayan littafin David Ames da Anthony King na 1971 wanda ya tattara kalmomin kiɗan Hausa daga Zariya da Katsina.

Malaman jihadin 1804 sun soki yawan kaɗe-kaɗe da bushe-bushe a fadojin sarakunan Haɓe. Duk da haka sarakunan da suka biyo baya sun riƙe kakaki da tambari, domin talakawa da su suke gane wanda ke kan gado.

Yadda kakaki yake magana

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana ɗauke da karin sama, ko karin ƙasa, ko kuma mai faɗowa daga sama zuwa ƙasa, kuma canjin kari yana canza ma'ana. Kuka na zubar da hawaye gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, kuka ta miya kuwa ta farko a sama ta biyu a ƙasa. Harshen yana kuma bambanta dogon wasali da gajere. Kakaki ba zai iya furta baƙi ko wasali ba, amma yana iya fitar da waɗannan abubuwa biyu: sautinsa na sama ya tsaya a madadin karin sama, na ƙasa a madadin karin ƙasa, tsawon busa kuma ya bi tsawon gaɓa. Idan za a ce "ga sarki", sai a busa ƙasa, sama, sama. Idan "ga shi" ne, ƙasa da sama.

Jimloli da yawa na Hausa suna iya samun tsarin kari iri ɗaya, saboda haka mai sauraro ba ya gane busa sai ya riga ya san taken. Wannan ne ya sa abin da kakaki yake faɗa ƙayyadadde ne: taken sarki, kirarin kakanninsa, gargaɗi ga abokan gaba, da jan kunnen sarkin kansa ya yi tafiya sannu. Ɗan gari da ya tashi kusa da fada yana jin kalmomi, baƙo kuwa ƙara kawai yake ji. Sau da yawa akwai maroƙi ko sanƙira a gefe yana faɗar kirarin da baki.

Daga wannan aiki ne kalmar ta sami ma'anarta ta biyu. Mai magana da yawun hukuma ana ce masa kakaki, kamar kakakin rundunar 'yan sanda, shugaban majalisar dokoki kuma kakakin majalisa. A yau wannan ma'ana ta fi ta asalin yawo a rediyo da jaridu.

A fada

Ba a cika busa kakaki guda ɗaya ba. Yawanci biyu ne ko fiye, tare da farai na itace, da ƙaho, da gangunan fada, sau da yawa kuma ga algaita. Mabusa suna da shugabansu mai sarauta, kamar Sarkin Busa ko Sarkin Kakaki, kuma sana'ar gado ce. Lokutan busa sanannu ne: daren Juma'a a ƙofar fada, wanda ake kira sara, da fitar sarki masallacin Juma'a, da hawan Sallah, da naɗin sarauta, da tarbar babban baƙo. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalawa.

A galibin masarautu kakaki na sarkin yanka ne, hakimai kuma algaita da ganguna ake yi musu. Masarautar Kazaure, wadda Ibrahim Ɗantunku ya kafa wajen 1819 bayan ya ɓata da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta ƙunshi ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Mutumin Karkarna, hedikwatar 'Yankwashi, yakan ji kakaki ne idan ya bi hakiminsa zuwa hawan Sallah a Kazaure, ko kuma idan sarki ya fito rangadi. Ɓaɓura da ke maƙwabtaka da su tana ƙarƙashin masarautar Ringim ne.

Kakaki da kayan kiɗa masu tsirkiya

Hausawa suna da kayan kiɗa masu tsirkiya da dama: goge da kukuma waɗanda ake gogawa da baka mai izgar doki, da garaya, molo, gurmi da kuntigi waɗanda ake kaɗawa. Amma a al'ada ba a haɗa su da kakaki. Dalilin farko na matsayi ne. Garaya ta maharba ce da 'yan bori, goge ma an danganta shi da bori da gidajen rawa, abin da ya sa malamai suka fi tsananta masa. Shahararrun masu tsirkiya irin su Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, da Ahmadu Doka mai kukuma, mawaƙan jama'a ne, manyan mawaƙan fada kuwa irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso suka yi kiɗa. Dalili na biyu na kunne ne. An yi kakaki don a ji shi daga nesa a fili, goge mai tsirkiya ɗaya kuwa ko kusa ba zai tsaya a gabansa ba.

Kakakin Turawa

A Turai ma kakaki ya fara ne a matsayin kayan sarki da na yaƙi. A 1623 Sarki Ferdinand na II na daular Jamusawa ya ba mabusa kakaki da makaɗa tambura takardar gata wadda ta ƙayyade wanda zai koyi busa da inda za a yi ta. Kakakin wancan zamani bututu ne zalla mai tsawon fiye da mita 2, sai dai an lanƙwasa shi don ya riƙu a hannu. Inda hanya ta rabu shi ne mabusan Turai sun koyi hawa can sama, inda sautukan bututu suke matsowa kusa da juna har su isa a rera waƙa da su. Wannan salo ana kiransa clarino. Da shi ne kakaki ya iya rage murya ya zauna a ɗaki ɗaya da gogen Turawa, wato biyolin, da manyan 'yan uwansa.

Birnin Bolonya na Italiya ne ya fi shahara da wannan haɗi. A cocin San Petronio, Maurizio Cazzati ya buga kaɗe-kaɗe na kakaki da masu tsirkiya a 1665, Giuseppe Torelli (1658 zuwa 1709) kuma ya rubuta irinsu masu yawa. Tsarin yakan kasance kashi uku, mai sauri, mai sanyi, mai sauri, kakaki ɗaya yana amsa-amo da rukunin masu goge. A kashi na tsakiya sau da yawa mabushi yakan yi shiru ya huta leɓe, masu tsirkiya su ci gaba su kaɗai. Henry Purcell a Ingila da Georg Philipp Telemann a Jamus sun yi irin wannan rubutu.

Matsalar sautukan da suka ɓace a ƙasa ta sa aka shiga gyaran abin busar kansa. Anton Weidinger na birnin Biyana ya yi kakaki mai ramuka da murafe, kuma dominsa Joseph Haydn ya rubuta sanannen kiɗansa a 1796, aka fara busa shi a bainar jama'a a 1800. Na Johann Nepomuk Hummel an fara jin sa ranar 1 ga Janairu, 1804. Waɗannan biyun da cikakken rukunin makaɗa ake yin su, ba masu tsirkiya kaɗai ba. A 1818 Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka yi rajistar bawul, wanda ke ƙara wa bututu tsawo da danna yatsa, daga nan kakakin Turawa ya iya fitar da kowane sauti.

A ƙarni na 20 mawallafa sun koma ga haɗin kakaki ɗaya da masu tsirkiya, amma da wata manufa dabam, ta murya guda mai kaɗaici a kan sauti mai laushi. Vincent Persichetti ya rubuta The Hollow Men a 1944, Alan Hovhaness kuma Prayer of Saint Gregory a 1946, dukansu a Amurka. Bafaranshen mabushi Maurice André (1933 zuwa 2012) ya dawo da tsofaffin kaɗe-kaɗen Italiya da Jamus kunnen jama'a ta hanyar faifai masu yawa. A arewacin Najeriya kuwa kakakin Turawa ya shigo ne ta barikin soja da na 'yan sanda, tare da bigila da badujala, kuma akan ji shi a faretin ranar 1 ga Oktoba.