Kwana Bakwai Tsakanin Gusau da Duwatsu

Da sanyin hunturu ya fara sauka, sai muka ce bari mu tsara tafiyar mako guda a gida: kwana biyu a Gusau, biyu a Kwatarkwashi, biyu a Tsafe da 'Yandoto, na ƙarshe a Bunguɗu. Da yake rubuta manhajar kwamfuta ce sana'armu, mun fara da buɗe taswira a waya. Ta nuna mana cewa duk garuruwan nan kusa suke, mutum zai iya karyawa a Gusau ya yi azahar a Tsafe. Amma da muka nuna wa wani dattijon direba tsarin a tasha, ko kallon nisan bai yi ba. Cewa ya yi, "Samari, ƙarfe nawa za ku tashi, kuma da su wa za ku tafi?"

Wannan tambaya ce ta mayar da mu ga tarihi. A Turai, mai hutun mako guda yakan sauka a birni kamar Zurich, ya hau jirgin ƙasa zuwa garuruwan tsaunukan Alps don wasan zamiya a kan ƙanƙara. Yawancin garuruwan nan ƙauyukan makiyaya ne a da, waɗanda sanyi ke rufe wa hanya. Sai a ƙarni na 19 baƙi suka fara zuwa hutu, har garin Chamonix na Faransa ya karɓi gasar Olympics ta hunturu ta farko a 1924. Sai da hanya ta samu, hankali ya kwanta, sannan tsauni ya zama wurin shaƙatawa.

Namu duwatsun kuwa mafaka ce. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa daga Gusau ya san dutsen Kwatarkwashi, wanda ake hangowa tun daga nesa. Mutanen farko a jikinsa da kansa suka zauna, domin mahayin doki ba ya iya bin mutum can sama. Haka Tsafe take a gindin nata duwatsun. A ƙarni na 19 wannan yanki bai rabu da hare-haren Katsinawan Maraɗi da Gobirawa ba, don haka ganuwa da dutse su ne abin dogaron talaka.

Kusa da Tsafe akwai 'Yandoto, wadda ta yi suna a matsayin garin malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan jihadin ya fara a 1804, malamanta ba su bi sahu ba, Muhammadu Bello ya yaƙi garin, jama'arsa suka watse. Sunan dai bai ɓace ba, domin har yau 'Yandoton Tsafe ake kiran sarkin Tsafe. Daga wannan yankin ne Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu, ya tashi ya kafa Gusau a bakin gulbin Sakkwato, kuma masu tarihin baka suna cewa daga kalmar gusawa sunan ya fito. Da yake ƙasar tana ƙarƙashin Katsina a da, sarautar garin ta zama Sarkin Katsinan Gusau. Ita kuwa Bunguɗu, a hanyar Sakkwato, Sarkin Fulani ake kiran sarkinta.

A wancan zamani ba a tafiya sai cikin ayari. Madugu ne ke sanya ranar tashi, jagaba ya wuce gaba ya ji labarin hanya, a lissafa zango ta yadda rana ba za ta faɗi ana cikin daji ba.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, yaƙe-yaƙe suka lafa, mutane suka riƙa saukowa fili. Jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya a 1927, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa suka jawo 'yan kasuwa daga kudu da arewa, har aka kafa masaƙa a garin. Iyayenmu sun taso a lokacin da mutum zai hau mota da daddare daga Gusau zuwa Funtuwa, abin da yake tsoro bai wuce fashewar taya ba. A 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birninta.

Mu kuma namu zamanin mun san shi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. A lokacin, taswirar da muke taƙama da ita ba ta da amfani ko kaɗan. A watan ne kuma aka sace Sarkin Bunguɗu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, sai da ya yi wajen wata guda kafin ya kuɓuta. A 2023 aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida.

Saboda haka muka sake tsarin. Duk kwanan bakwai a Gusau za mu yi shi. Za mu fita bayan hantsi, lokacin da motoci suka yawaita, mu juyo kafin la'asar. Kafin kowace fita za mu kira ɗan gari ya gaya mana yadda hanya ta kwana, in ya ce a dakata, mun dakata. Da muka karanta wa direban nan sabon tsarin, dariya ya yi, ya ce ai abin da kakansa bafatake ke yi ke nan.

Wasu sun ce mu haƙura da tafiyar. Mun ƙi ne domin dattawan da suka san inda tsohuwar 'Yandoto take, da waɗanda suka ji labarin zaman kan dutse daga bakin kakanninsu, kullum raguwa suke yi. Muna so mu zauna da su, mu naɗi muryarsu. Allah Ya kai mu lafiya, Ya zaunar da Zamfara lafiya.