Gudummawar dole a wurin aiki: asalinta da matakan da aka ɗauka a kanta

Gudummawar wurin aiki ita ce kuɗin da ake tarawa daga ma'aikatan ofis, kamfani ko ma'aikatar gwamnati domin taimaka wa mabuƙata ko ƙungiyoyin agaji. Wani lokaci takarda ake zagayawa da ita kowa ya rubuta sunansa da abin da ya bayar, wani lokaci kuma ma'aikaci kan sa hannu a riƙa cire wani abu daga albashinsa duk wata. A ƙa'ida, ganin dama ne. Matsalar tana tasowa ne idan mai neman gudummawar shi ne kuma mai iko da ƙarin girman ma'aikaci, da hutunsa, da canjin wurin aikinsa. A irin wannan hali, ko da ba a furta barazana ba, ƙin bayarwa yana da tsada. Amurka ce ƙasar da wannan tsari ya fi kafuwa a cikinta, kuma can ne aka fi fayyace ƙa'idojin hana tilasta wa ma'aikata.

Yadda tsarin ya samo asali

A 1887 wasu shugabannin addini tare da wata mata mai aikin jin ƙai, Frances Wisebart Jacobs, suka kafa wata ƙungiya a birnin Denver na jihar Colorado domin a riƙa tara taimako sau ɗaya a raba wa ƙungiyoyin agaji da dama, maimakon kowacce ta fito tana roƙo ita kaɗai. A 1913 birnin Cleveland ya kafa irin wannan asusun haɗaka, sauran birane suka kwaikwaya. Daga wannan tushe ne ƙungiyar United Way ta fito.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, neman taimakon ya koma cikin masana'antu. A 1949 aka kafa gidauniyar haɗaka a Detroit, cibiyar ƙera motoci, da goyon bayan Henry Ford na Biyu. Masu kamfanoni sun yi na'am da tsarin domin ya rage musu yawan masu zuwa roƙo a bakin aiki. Su kuma ƙungiyoyin agaji sun sami hanya mafi arha ta tara kuɗi, wato cirewa kai tsaye daga albashi. Da zarar ma'aikaci ya sa hannu sau ɗaya, kuɗi na shigowa duk shekarar ba tare da an sake tuntuɓarsa ba.

A nan ne kuma matsin ya shigo. Shugabannin kamfanoni ne ke jagorantar gangamin birni, kuma kowanne yana son a ga kamfaninsa a sahun gaba. Aka ƙirƙiro ma'aunin da ake kira rabon adalci, wanda galibi yake daidai da ladan aikin sa'a ɗaya a kowane wata. Aka kuma riƙa karrama sassan da duk ma'aikatansu suka bayar. Tun da mutum ɗaya kacal zai iya hana sashe samun wannan karramawa, wanda ya ƙi bayarwa sai ya zama abin nuni a wajen ogansa da abokan aikinsa.

Siffofin matsin lamba

Ba kasafai ake ce wa ma'aikaci ya bayar ko a kore shi ba. Matsin ya fi zuwa a kaikaice. Shugaban sashe da kansa ne zai miƙa takardar alkawari, ya tsaya yana jira a cika. Ko a buƙaci kowa ya dawo da takardar ko da bai yi niyyar ba da komai ba, ta yadda sai ya rubuta ƙin yardarsa da hannunsa. Ko a liƙa sunayen waɗanda suka bayar a allon sanarwa, wanda bai ga sunansa ba ya san kowa ya lura. Ko a ƙayyade adadi gwargwadon matakin albashi. Akwai kuma inda ake auna ƙwazon shugaban sashe da yawan kuɗin da mutanensa suka tara, shi kuma ya sauke nauyin a kan na ƙasa da shi.

Ƙananan ma'aikata ne suka fi jin jiki, domin abin da babba ba zai ji fitarsa ba, shi ne kuɗin cefanen ƙarami. Su ne kuma suka fi tsoron ɓata wa oga rai. Ga wanda ke jiran a tabbatar masa da aiki ko a duba takardar ƙarin girmansa, lamarin gaba kura ne baya siyaki.

Mafi munin misali a tarihi ya fito ne daga Jamus. A 1933 gwamnatin Hitler ta kafa asusun agajin hunturu, wanda a hukumance aka ce na sa-kai ne. Amma an riƙa cire kuɗi daga albashin ma'aikata, ana ba da bajon maƙalawa a riga da alamar liƙawa a ƙofar gida ga waɗanda suka bayar, ta yadda ana iya gane wanda ya ƙi tun daga nesa. Sunansa agaji, aikinsa kuwa na haraji.

Ƙa'idojin gwamnatin tarayyar Amurka

Kafin shekarun 1950, kowace ƙungiya na iya shiga ofisoshin gwamnatin Amurka neman taimako, kuma shugabanni kan ɗora wa ma'aikata adadin da za su bayar. Ƙorafin da hakan ya jawo ne ya sa gwamnatin Shugaba Eisenhower ta fara tsara lamarin. A 1961 Shugaba John F. Kennedy ya sa hannu a kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 10927, wanda ya share fagen gangamin haɗaka na ma'aikatan tarayya da aka sani da Combined Federal Campaign, ko CFC a taƙaice. An fara gwada shi a wasu birane a 1964. A 1982 Shugaba Ronald Reagan ya sabunta tsarin, ya bar kulawarsa a hannun ofishin kula da ma'aikatan tarayya.

Dokokin shirin sun ware sashe guda kan hana tilastawa, kuma sun ambaci abubuwan da aka haramta ɗaya bayan ɗaya. Shugaba, ko duk wanda ke sama da ma'aikaci a jerin muƙamai, an hana shi neman gudummawa daga gare shi. An hana shi tambayar ko wane ya bayar ko nawa ya bayar. Jimillar sashe kawai aka yarda a nuna masa. An hana sanya burin cewa sai kowa da kowa ya bayar. An hana yanka wa mutum adadi. An hana tsara sunayen waɗanda ba su bayar ba. An hana amfani da sunayen masu bayarwa a wani abu da ya wuce tattara kuɗin. An kuma hana sanya sakamakon gangamin cikin ma'aunin ƙwazon shugaban sashe. An ba ma'aikaci damar zaɓar ƙungiyar da kuɗinsa zai tafi, da damar ɓoye sunansa, da damar kai ƙara idan an matsa masa.

Abin lura a nan shi ne dokokin ba su dogara da kyakkyawar niyyar shugaba ba. Sun raba shi ne da abubuwa biyu da ke ba shi damar matsi: yin roƙon da kansa, da sanin wanda ya ƙi.

Illar da matsi ke yi wa aikin agaji

Kuɗin da aka karɓa bisa kunya ba ya haifar da amana. A 1992 shugaban United Way na ƙasa, William Aramony, ya sauka daga muƙaminsa bayan jaridu sun fallasa yadda yake facaka da kuɗin ƙungiyar. A 1995 kotu ta same shi da laifin zamba, ta yanke masa ɗaurin shekara bakwai. Gudummawa ta ragu a birane da dama, kuma ma'aikatan da dama can ba da son ransu suke bayarwa ba suka sami hujjar janyewa. Shi ma gangamin ma'aikatan tarayya, wanda ya tara sama da dala miliyan 280 a 2009, ya faɗo ƙasa da dala miliyan 100 bayan shekara goma. Daga cikin dalilan akwai sauƙin da intanet ta kawo, inda mutum zai iya tura taimakonsa ga wanda ya ga dama ba tare da ya bi ta ofis ba.

Matsayin doka a Najeriya

Ofisoshin Najeriya ba su da gangamin haɗaka irin na Amurka, amma karo-karo na biki, suna, rasuwa, jinya da rakiyar wanda ya yi ritaya abu ne da kowane ma'aikaci ya sani. Yawancinsa zumunci ne, kuma ya sha rufa wa mutane asiri. Sai dai ya kamata a bambanta shi da kuɗin da doka ta wajabta cirewa, kamar haraji, da kashi 8 cikin 100 na fansho da dokar 2014 ta ɗora wa ma'aikaci. Gudummawar agaji ba ta cikin wannan rukuni.

Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya taƙaita abubuwan da mai aiki zai iya cirewa daga albashi, ya kuma ce jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin. Sai dai dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan jami'an mulki da ƙwararru suna dogara ne da sharuɗɗan aikinsu da dokokin aikin gwamnati. Haka kuma Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949, wadda Najeriya ta amince da ita, ta hana mai aiki tauye 'yancin ma'aikaci na sarrafa albashinsa yadda ya so. Rigingimu irin waɗannan suna ƙarƙashin hurumin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kodayake galibi ƙungiyar ƙwadago ce matakin farko na kai koke.

Doka tana iya hana cire kuɗi ba da izini ba, amma da wuya ta kai ga takardar da ake zagayawa da ita teburi zuwa teburi, sunan darakta a sama da adadinsa a gefe. A nan ne ƙa'idojin Amurka ke da amfani ga kowane ofis: a ɗora tarawar a kan wanda ba shi da iko da kowa, a karɓa a ambulan rufe ko ta asusun banki, a sanar da jimilla kawai, sannan a bayyana wa kowa inda kuɗin ya tafi.