Amawalin Buzayen Ahaggar da haƙƙin sirri

A Mertoutek, ƙauyen da ke cikin duwatsun Tefedest a yankin Tamanrasset na Aljeriya, Buzaye sun gaji al'adar da namiji ke rufe baki da hanci da amawalin rawani tun daga balaga. A ganina wannan tsohon tsari ne na kare sirri: mutum ne ke zaɓar wanda zai ga fuskarsa, da iyakar abin da zai gani.

Wasu za su ce ai ƙura da rana ake karewa. To, matansu ma iska ɗaya ke dukansu, amma ba sa rufe fuska. Sannan namiji yakan ɗaga amawalin har gindin ido a gaban surukai da manya, ya sassauta shi cikin tsararrakinsa, ko da ƙura ko babu. Masanin al'adu Robert Murphy ya yi rubutu a kan haka a 1964. A zamanin wayar hannu kuwa, dokar Aljeriya mai lamba 18-07 ta 2018 ta sharɗanta yardar mutum kafin a sarrafa bayanansa, sai dai mai waya ba ya ganin wanda ke kallonsa, balle ya san lokacin da zai rufe.