Zaren Zinariya a Kayan Sarautar Barno: Tarihin Zuwansa da Koyon Ɗinkinsa

1.0 Gabatarwa

A duk hawan salla a ƙofar fadar Shehun Barno da ke Maiduguri, abin da ke fara ɗaukar ido shi ne ƙyallin zaren zinariya a jikin alkyabbu da jalalan dawaki. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan zare, don nuna cewa kayan sun daɗe da riga sana'ar ɗinkinsu isowa Barno, kuma sunayensu ma shaida ne a kan haka.

2.0 Hanyar Fezzan

Tun daga kafa Birnin Ngazargamu a ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Mai Ali Gaji, babbar ƙofar Barno zuwa arewa ita ce hanyar da ta bi ta Bilma da Murzuk ta faɗa Tarabulus. Ayari kan tafi da bayi da hauren giwa da gashin jimina, ya komo da dawaki da takarda da makamai da tufafi masu tsada. Mai Idris Alauma har jakadu ya aika Santambul a zamanin Sarki Murad na Uku, wanda ya hau gado a 1574. Da Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814, cinikin ya koma can. Matafiya irin su Denham da Clapperton (1823) da Barth (1851) duk ta wannan ƙasa ta Fezzan suka ratso. A 1870 Nachtigal ya kawo wa Shehu Umar kujerar sarauta mai ruwan zinariya daga Sarkin Furushiya. Wannan ya nuna matsayin kayan ƙyalli a fada: kyauta ce ta sarakuna, wadda ake kawowa a gyare. Haka alkyabba take, domin da ita ake yafa wa wanda aka naɗa.

3.0 Shaidar Harshe

Greenberg (1960) ya nuna cewa kalmomi kamar karatu da rubutu da kasuwa daga Barbarci Hausa ta aro su. Sunayen kayan ado kuwa sun fi nuni da hamada da abin da ke bayanta. Zinariya daga dinar na Larabci take, wato sunan kuɗin ne ya zama sunan ƙarfen. Azurfa daga harshen Buzaye take. Alharini daga al-harir ne, mulufi daga malf na Larabcin Magrib, jabba kuma daga jubba. Abin lura a nan shi ne dukkansu sunayen haja ne. Sunayen zanen ɗinkin hannu kuwa, kamar aska biyu da aska takwas, Hausa ce tsantsa. Ke nan abin da aka saya ya zo da sunansa, abin da aka iya yi a gida an raɗa masa suna a gida.

4.0 Ɗinkin da Koyonsa

Zaren zinariya na asali azurfa ce da aka yi wa ruwan zinariya, aka ja ta ta zama siririyar waya, aka daddale ta, sannan aka naɗe ta a jikin zaren alharini. Irin wannan zare ba ya jure shiga da fita cikin yadi, don ƙarfen zai kware. Saboda haka shimfiɗa shi ake yi a bisa yadin, a riƙa kama shi da wani siririn zare. Idan ana son zanen ya taso, sai a yanka shi a fata ko kwali, a manna a kan karammiski, zaren ya rufe shi. A biranen Magrib kamar Tunis da Fas, yaro kan koyi wannan aiki ne a shagon maigida, ƙarƙashin ƙungiyar sana'a mai shugabanta.

A Barno da ƙasar Hausa kuwa makarantar ɗinki ita ce zaure. Malamai da almajirai ne suka shahara da ɗinkin riga, kuma da zaren auduga da tsamiya da alharini suke aiki, allura tana ratsa yadi. Heathcote ya yi nazarin wannan sana'a a Jami'ar Ahmadu Bello cikin shekarun 1970. Dabarun biyu sun bambanta, ga shi kuma zaren zinariya ya fi ƙarfin a ba ɗan koyo ya ɓata.

5.0 Sauyin Zamani

Rabe ya rushe Kukawa a 1893, aka kashe shi a Kusuri a 1900. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yarwa, inda har yau unguwannin Fezzan da Hausari ke ɗauke da sunayen baƙin da suka zauna a cikinsu. A 1911 Italiya ta afka wa Tarabulus, a shekarar kuma titin jirgin ƙasa ya iso Kano, sai ciniki ya juya zuwa teku. Jirgin ya kai Maiduguri a 1964. Daga baya zaren ƙyalli na masana'anta, irin su Lurex, wanda gorar ruwa ce a cikin roba, ya cika kasuwa da araha. Shi da keken surfani ne suka sa ɗinkin ƙyalli ya zama abin da yaron shago zai koya, domin ko ya ɓata ba a yi babbar asara ba. Ɗinkin hannu kuma ya fi rayuwa a hula, har waɗanda rikici ya koro daga Bama a 2014 suka riƙe shi sana'a a sansanonin Maiduguri.

6.0 Kammalawa

An ga yadda zaren zinariya ya shigo Barno a matsayin haja da kyautar fada, ɗinkinsa bai yaɗu ba sai da ya yi araha. Aikin da ya rage wa masana harshe shi ne tattara kalmomin wannan sana'a cikin Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa daga bakin tsofaffin maɗinka da masu kayan doki, tun suna raye. Da kalmomin ne za a iya tantance abin da ya zo ta Fezzan da abin da ya biyo jirgin ƙasa.