Ciwon da Ya Ƙi Tafiya Bayan Korona

Tun ba yau ba likitoci suka lura da wani abu mai ɗaure kai: annoba takan wuce, amma wasu da suka tashi daga ciwon ba sa sake komawa daidai. An ga haka bayan murar 1889 da ake kira ta Rasha. An sake gani a asibitin Royal Free na Landan a 1955, inda ma'aikata kusan 300 suka kwanta, daga baya wasu masana suka ce firgita ce kawai.

Korona ta shigo Nijar ranar 19 ga Maris 2020. A Agie da Gazawa da Gidan Rumji, inda gwaji ya yi ƙaranci, manomin da ya yi watanni yana haki da zarar ya ɗauki hauya, ko matar da daka ya gagare ta, za a ce maleriya ce, ko taifot, ko shawara. In magani ya ƙi ci, sai a koma zancen sammu.

Binciken shekarun nan ya nuna wataƙila jiki ne ke faɗa da kansa. An gano ɓurɓushin ƙwayar cutar a hanjin wasu watanni bayan sun warke, kuma ana zargin muddin yana nan, garkuwar jiki ba ta hutawa. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba a Afirka ta Yamma: Ebolar da ta ɓulla a Gini a 2021 an danganta ta da ƙwayar da ta ɓuya a jikin wani tun annobar 2014.

A Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, Resia Pretorius ta ba da rahoton ƙananan gudajin jini masu wuyar narkewa, waɗanda ake zargin suna toshe siraran jijiyoyi har iskar numfashi ta kasa isa tsoka. A 2023 kuma, ayarin Akiko Iwasaki na Jami'ar Yale ya samu ƙarancin sinadarin kotisol a jinin masu ciwon, da alamun farkawar ƙwayar Epstein-Barr da ke kwance a jikin yawancin mutane tun ƙuruciya.

Abin da ya fi damuna shi ne yankinmu, inda ƙarancin jini da maleriya ke kawo irin wannan kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi zargin ciwon idan alamun sun bayyana cikin wata 3 da kamuwa, suka kai wata 2 ba a gano wani dalili ba. Ma'aikacin lafiya na karkara ba ya bukatar na'ura kafin ya tambayi majinyaci ko ya taɓa doguwar mura da ta ɗauke masa jin ƙamshi.